Ƙuri'a Shida a Unguwar Nildo

Ranar Litinin da safe, washegarin zaɓen magajin gari da kansiloli, Seu Valdemiro, wato Malam Valdemiro, ya shiga shagon burodi ya yi gaisuwa. Mutum biyar ne a ciki, babu wanda ya amsa. Mai shagon ta naɗe masa burodinsa tana kallon bango. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da labarin ƙasa a makarantar garin Lagoa do Caititu, kuma huɗu daga cikin biyar ɗin sun zauna a ajinsa, saboda haka ya san irin shirun da suke yi idan ba su yi aikin gida ba. Wannan shirun ba irinsa ba ne.

Sai da ya koma gida ya ga dalili a wayarsa. Mijin ƙanwarsa, Josenildo mai faci, wanda kowa ke kira Nildo, ya saki bidiyo. Yana tsaye gaban tulin tsofaffin tayoyi, idanu jajur.

"Jama'a, ƙuri'a shida! A unguwar da aka haife ni, a makarantar da uwata ta dogara sanda ta je ta yi zaɓe. Shida! An shiga na'urar zaɓen nan daga ƙasar waje, kowa ya ji saƙon da ke yawo. Kuma wani ne a nan ya buɗe musu hanya. Ku tambayi wanda ya zauna a kan teburin zaɓe tun safe har yamma. Ba zan kama suna ba, don yayan matata ne. Jibi Laraba ƙarfe bakwai mota za ta tashi zuwa ofishin hukumar zaɓe. Duk wanda aka sace wa ƙuri'a ya fito."

Matar Nildo yaya ɗaya gare ta a duniya.

Valdemiro ya ajiye wayar a kife. Shekara ashirin da biyu ke nan shi ne shugaban teburin zaɓe a ajin nan mai fasasshiyar taga. Ba shi da fili, ba shi da mota, littattafansa kuwa gara ta fi mutanen gari sha'awarsu. Abin da ya mallaka shi ne idan ya ce abu kaza ya faru, ana yarda. Wannan ne Nildo ya ɗauka ya jefa a waya cikin minti ɗaya da rabi.

Saƙon da ke yawo ma ya saurare shi. Muryar wani mutum ce marar suna, wanda ɗan kawunsa ke aiki a babban birni, yana cewa da ƙarfe uku na rana 'yan kutse suka shigo na'urori daga wata ƙasa. Da safe ƙasar tana gabas. Kafin tsakar rana ta koma arewa. Abin da saƙon bai bayyana ba shi ne dalilin da zai sa wata babbar ƙasa ta bar harkokinta ta zo hana mai faci zama kansila a garin da akuya ta fi mutum yawa. Amma Nildo ƙuri'a goma sha tara ce ta raba shi da kujera, kuma wanda ya samu ɗan jam'iyyarsu ne, mai kantin magani, mutumin da ko gaisuwa sai ya auna yake bayarwa. Wanda ya faɗi da goma sha tara ba ya neman hujja mai kyau, kowace ya samu ta ishe shi.

Valdemiro ya sa hula ya tafi makaranta. Doguwar takardar sakamako da na'urar ta buga jiya da ƙarfe biyar tana nan manne a ƙofar aji, da sa hannunsa a ƙasa. Ya bi ta da yatsa. Lambar Nildo, 61407, ƙuri'a shida. A ƙarƙashi kuma ga layin da jiya bai kula da shi ba don gajiya: waɗanda suka zaɓi jam'iyya zalla ba tare da sun zaɓi mutum ba, arba'in da ɗaya. Ya leƙa ƙofofin sauran azuzuwa. Biyu. Huɗu. Ɗaya. Ya ɗauki hoton kowace, bai gane komai ba, ya wuce wurin faci.

Nildo yana durƙushe yana tsoma tub a ruwa yana neman huji. Bai tashi ba.

"A'a, Farfesa da kansa! Faci aka zo? Sai dai haƙuri, iskarmu ta gida ce, ba mu da ta ƙasar waje."

"Compadre," in ji Valdemiro, da sunan da surukan biyu ke kiran juna, "wace ƙasa ce?"

"Me?"

"Ƙasar da ta shiga na'urar. Faɗi sunanta. In ka nuna mini ita a taswira, ranar Laraba ni zan riƙe maka allo."

Tun maganar ba ta gama fita ba ya san bai kyauta ba. Nildo sau biyu ya maimaita ajin Valdemiro, kuma gari bai manta ba. Nildo ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Ka gani? Halinka ke nan. Kullum mu jakuna ne, kai kaɗai ne mai kai."

"Saurara. Na'urar nan waya ɗaya gare ta, ta wuta. Ba ta haɗe da komai, rediyonka ya fi ta jin labarin duniya. Da safe na buga takardar da ke nuna babu ƙuri'a ko ɗaya a ciki, wakilin jam'iyyarku ya duba ya sa hannu. Da yamma na buga sakamako, ya sake sa hannu."

"Wa ya buga takardun?"

"Na'urar."

"To! Ka tambayi wanda ake zargi ko ya yi sata, ya rubuto maka a'a, ka manna a ƙofa. Karatun ke nan?"

A duk shekarun da ya yi a ajin Valdemiro, Nildo bai taɓa yin tambaya mai kyau kamar wannan ba.

"Bar batun takarda," in ji Nildo. "Inna ta gani da idonta. Ta danna lambata, fuskar magajin gari ta fito. Ba ita kaɗai ba, matan addu'arsu duka haka suka gani. Je ka ce wa uwata ƙarya take yi."

Edivânia, ƙanwar Valdemiro, ta fito daga ƙofar baya da tsumma a hannu. Ta dubi mijinta, ta dubi yayanta.

"Yaya, ka tafi gida," ta ce. Wannan ya fi bidiyon zafi.

Ranar Talata da hantsi ya tafi gidan Dona Gercina, mahaifiyar Nildo. Shekararta tamanin da uku. Sai da ta wuce arba'in doka ta yarda wanda bai iya karatu ba ya yi zaɓe, kuma tun daga ranar ba ta taɓa fashi ba, ko da yake a shekarunta babu wanda ke tilasta ta. Haruffa ba ta san su ba, amma lamba ko a kasuwa ba a cutar ta. Ya same ta a baranda tana tsince wake.

"Miro. Sun ce kai ne ka sayar da mu."

"Haka na ji, Dona Gercina."

"Ni na ce musu wanda ya kasa sayar da tsohon kekensa shekara goma ba zai iya sayar da gari ba. Zauna. Akwai dambun masara, kofi kuma ya huce, ka sha haka nan."

Ya ci kaɗan don ladabi. Sannan ya ciro kalandar shagon magani daga ƙusa, ya juya bayanta, ya zana madannan na'urar kamar yadda suke: lambobi jere uku-uku, sifiri a ƙasa, sai fari, ruwan lemo, da babban kore na tabbatarwa.

"Ki nuna mini yadda kika yi ranar Lahadi. Kamar ba na nan."

"Sai da katina."

Ta zaro shi daga cikin littafin addu'ar da take riƙewa don hotunansa. Kwali ne aka yanka daga akwatin tub, an rubuta da baƙin alƙalami mai kauri, kowace lamba ta kai girman babban yatsa. A sama 61, lambar magajin gari, wadda ita ce kuma lambar jam'iyya. A ƙasa 61407.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ɗana mana, da hannunsa. Takardun da jam'iyya ta raba rubutunsu kamar tururuwa, wa zai gani? Tun da ba a shiga da waya, ya zauna ya yanka mana hamsin, ni na raba wa matan addu'ar Alhamis da mazajensu masu sauran numfashi."

"Me ya sa magajin gari yake sama?"

Ta dube shi kamar wanda ya tambayi dalilin da ya sa kai yake saman wuya. "Shi ne babba. Ni na ce ya sa shi a sama. Ban haifi marar kunya ba."

Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a kan kalandar. Shida. Ɗaya. Kore.

"A nan wani rubutu ya fito, babu hoto. Na ce ko magajin gari bai biya mai hoto ba ne. Ta yi 'yar ƙara. Sai na zo kan ɗana." Shida. Ɗaya. "Ka ga daidai nan, kafin in kai ga huɗu, sai ga fuskar magajin gari da murmushin nan nasa na mai sayar da kifin jiya. Na danna huɗu, sifiri, bakwai, ya ƙi gusawa. Ga layi a bayana. Na danna kore, ta yi dogon kukanta, yarinyar tebur ta ce na gama."

Valdemiro ya daɗe yana kallon kalandar. Na'urar kansila take fara tambaya, lamba biyar, sannan magajin gari, lamba biyu. Wanda ya danna lamba biyu kawai a matakin kansila ya tabbatar, ƙuri'arsa ta tafi tukunyar jam'iyya, ba ta kowa ba. Da aka zo matakin magajin gari, farkon lambar Nildo ita ce lambar magajin garin, na'urar ta karɓi biyun farko ta yi watsi da sauran. Babu abin da ya lalace, babu ƙarar gargaɗi, kowa ya fita da murna. Mutum arba'in da ɗaya sun bi kati daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda shi da kansa ya koya wa 'ya'yansu a bi kowace takarda.

Akwai kuma abin da bai faɗa ba. Duk zaɓukan baya, ranar Alhamis ta ƙarshe yakan je barandar coci da irin wannan zane ya nuna wa tsofaffi tsarin. Bana da aka aiko a tuna masa, ya ce ya gaji da koyar da mutanen da suka fi yarda da waya. Ya zauna gida ya karanta littafi a kan faɗuwar wata daula.

Yana neman yadda zai sassauta maganar, Dona Gercina ta riga shi. Fuskarsa ta karanta.

"Kansila ake fara yi?"

"Kansila ake farawa."

Ta dubi katin. Ta juya shi ƙasa ta koma sama. Ta ajiye shi a kan waken.

"Ashe ni ce ƙasar wajen."

"Dona Gercina, ba ke kaɗai..."

"Yi mini shiru. Uwar Yesu! Na haifi yaro, na yaye shi, na kuma kayar da shi zaɓe." Ta yi wata dariya da ta ƙare da tari, ta share ido da gefen zane. "Kira mini shi a wayarka. Ka ce uwarsa ba ta jin daɗi. Ba ƙarya ka yi ba."

Nildo ya iso a babur ko hular kwano babu. Da ya ga uwar a zaune garau, ga Valdemiro a gefe, sai ya tsaya a bakin baranda.

"Inna, me wannan ya zo faɗa miki?"

"Bai faɗa mini komai ba, ni na faɗa masa. Zo ka tsaya nan ka kalli yatsana."

Ta sake yi tun daga farko. Shida, ɗaya, kore. Nildo ya san tsarin na'urar sarai, shi ya zaɓi kansa daidai ba tare da ya kalli kati ba. Tun a koren farko launin fuskarsa ya sauya.

"Ba zai yiwu ba. Ba duka ba ne za su..."

Valdemiro ya miƙa masa waya. "Ajinmu, ƙuri'ar jam'iyya zalla, arba'in da ɗaya. Sauran azuzuwa biyu, huɗu, ɗaya. Jiya ka ce na'urar ce ta buga takardar, kuma ka yi gaskiya, ban da amsa. Amma katin nan ba na'ura ta rubuta shi ba. Je ka gidajen da aka raba shi, kowace ta nuna maka da yatsanta. Ba sai ka yarda da ni ba."

Nildo ya zauna a kan matakala. Kaza ta zo ta tsinci wake kusa da takalminsa ta wuce.

"Goma sha tara," ya ce a ƙarshe, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Da hannuna. Har alƙalami na saya sabo." Ya ɗago. "Compadre, kada wannan ya fita. Zan goge bidiyon. Gobe zan ce motar ta lalace. Sati biyu kowa ya manta."

Valdemiro ya san garinsu. Za a manta da motar, za a manta da ƙasar wajen, amma shekara goma nan gaba idan ya wuce wani zai ce ga malamin da aka ce ya taɓa na'ura.

"Ni ba zan faɗa ba," ya ce. "In daga bakina ya fito, cewa za a yi na ƙirƙira don in wanke kaina. Ni ma da nawa laifin, bana ban je coci na nuna musu ba. Wannan zan iya faɗa. Sauran naka ne."

"Za su yi mini dariya har in mutu."

"Za su yi," in ji Dona Gercina. "Ni ma za su yi mini. Kai ka ɗora wa bawan Allah wannan kaya a gaban jama'a, a gaban jama'a za ka sauke. In ba haka ba gobe ni zan hau motar da sandata in faɗa, kuma ka san ni ba na taƙaitawa."

Ranar Laraba ƙarfe bakwai saura, motar ɗaukar kaya tana tsaye a dandalin coci, mutum kusan talatin kewaye da ita, wasu da kwalaye masu rubutu. Valdemiro ya tsaya nesa ƙarƙashin mangwaro. Bai tabbata Nildo zai zo ba, kuma da ya zo ɗin bai tabbata abin da zai faɗa ba.

Nildo ya hau bayan motar. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ɗaga katin kwali.

"Wa ke da irin wannan?"

Hannaye suka tashi, yawancinsu masu tamoji.

"To, ba a sace ƙuri'ar kowa ba. Ni na rubuta shi a juye. Kansila ake fara yi, na sa magajin gari a sama. Ƙuri'unku suna nan, sun tafi wa jam'iyya, an ƙirga su. Abin da na faɗa a kan Farfesa ƙarya ne, bai taɓa komai ba. Compadre, ka yafe ni." Sannan ya ƙara, "Shi ke nan. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu, ina da aiki."

Sai wani mahauci daga baya ya ɗaga murya. "Nildo! Ashe ɗan kutsen a shagon faci yake kwana!" Dandalin ya ɓarke da dariya. Wata tsohuwa tana dariya tana dukan ƙafar Nildo da katinta.

Ba kowa ya yi dariya ba. Wani mai jar riga ya yi ihu cewa Nildo ma an saye shi, kuma mutum shida suka ce su sai sun je ofishin sun ji da kunnensu. Direba ya dubi Nildo, Nildo ya dubi mangwaro. Valdemiro ya tako, ya yagi gefen wani kwali ya rubuta lambar teburinsu, ya miƙa wa mai jar rigar.

"Ku je, haƙƙinku ne. Ku ce a nuna muku sakamakon wannan tebur da ya iso musu, ku gwada da hoton na ƙofar makaranta. In lamba ɗaya ta bambanta, ku dawo ku same ni, tare za mu koma."

Mutumin ya karɓa bai yi godiya ba, amma ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

Motar ba ta gama fita dandalin ba mata suka kewaye Valdemiro, kowace da katinta, kowace tana magana. Wata gajeruwa mai suna Dona Zefinha, wadda kwata ta shekara uku tana malala a ƙofar gidanta, ta ja hannun rigarsa.

"Farfesa, kai zan tambaya, don kai ba ka iya daɗin baki ba. Ƙuri'ata yanzu tana ina?"

"Tana cikin waɗanda suka ba jam'iyya kujerunta, Dona Zefinha."

"Har da wadda mai kantin magani ya hau?"

"Har da ita."

"Da tawa ƙuri'ar?"

"Da taki."

Ta ɗan yi tunani, ta soke katin a ɗamara, ta gyara ɗankwali.

"Ƙarfe nawa yake buɗe kanti?"

"Takwas."

"To ku taso," ta ce wa sauran. "Mu je mu gaya masa mu muka ɗora shi. Ya zo ya ga kwatar nan da idonsa."